Shelar Jaji

Yalwa tana tankaɗe a tsakar gida ta jiyo muryar mijinta daga bakin kasuwar Zurmi, sai rariyar ta tsaya a hannunta.

"Jama'a ku saurara! Akuyar Haladu ta ɓace, ja ce, ja kamar hanyar Moriki, hanya kuwa ruwa, wanda duk ya gani ya rufe rijiya."

Ta ji an kwashe da dariya. Ita kam sai ta ajiye rariyar.

Mijin nata Jaji sanƙira ne, ɗan sanƙira. Tun kafin yaƙin basasa shi ke shelar gari: suna, gayya, yaron da ya ɓata. Yakan zuba barkwanci a ciki, amma bai taɓa ɗauko zance ya yar da shi a hanya ba.

Da ya dawo ta ce, "Baban Saliha, mi ya gama akuya da rijiya?"

"Sun ɗauke min tsakiyar," ya ce, ya shige ɗaki.

Duk daminar nan gari ya ɗauka sabon salo ne. Taubashinsa Idi yakan tare shi: "Tsohon banza, sake muna ta rijiyar nan!" Da Yalwa ta kai kuka wurin yayar Jaji, aka ce ita dai ba ta san wasan sanƙirori ba, tunda ba a gidansu ta tashi ba.

Sai ranar da mahaifiyar Abbati mahauci ta rasu, aka tura shi shelar jana'iza. Ya ambaci sunanta daidai. Daga nan ya faɗa gero, ya faɗa jirgi, ya shiga jero kalmomin da ba Hausa ba, ba Fillanci ba. Mutane na tsaye suna jiran wuri da lokaci. Ba wanda ya yi dariya. Idi ya kama hannunsa, ya ƙarasa shelar da kansa.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi wurin mai magani a Shinkafi. Likitan Ƙaura ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai tsinka magana, sai Kaduna. Idi ya ce shi zai kai shi.

A tashar Ƙaura Jaji ya leƙo ta tagar jirgi. "Yalwa, in Saliha ta... ki ce mata..."

Ta jira. Jirgi ya tashi.

An yanke gero, an yanke dawa. Kowace ranar kasuwa takan tambayi direbobin Ƙaura. Idi bai dawo ba, kuma har yau bai aiko ba.