Kujerar Surukar Malam Habu

Cikin duk ranakun da na yi a garejin nan, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Iya Falmata ta ƙi shiga motar surukinta. Ku sababbin zuwa ku matso ku ji, musamman masu ganin aikin kujera soso ne da fata kawai.

A lokacin motoci masu aiki da lantarki ba su daɗe da shigowa Haɗeja ba. Ni ke kula da ɓangaren kujeru, Injiniya Rakiya kuma ita ce shugabarmu. Tsarinmu shi ne mai mota ya kawo kukansa, Injiniya ta duba ta auna, sai ta amince sannan mu taɓa. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: ba a huda ƙasan motar, domin a nan batirin yake kwance kamar katifa. Shi ya sa ma take da tudu, mai ciwon ƙafa sai ya sha wuya kafin ya hau.

Ana tsakiyar damina Malam Habu, wani manomin shinkafa, ya kawo tasa. Uwar matarsa, Iya Falmata, wadda ta tsufa tana bandar kifi a wajen Baturiya, ta dawo gidansa saboda ciwon gwiwa. Likita ya ce duk mako a kai ta gashin ƙashi, in ba haka ba ƙafafun za su sandare. To matarsa na da tsohon ciki, ba ta iya cicciɓarta. Shi kuwa, suruki ya ɗauki surukarsa? Ina aka taɓa yi! Tsohuwa ta ce gara ta gurgunce a ɗaki, har ta fara fashin asibitin.

Injiniya ta sa aka kawo kujera mai juyawa, irin wadda ke fuskantar ƙofa mutum ya zauna sannan ta mayar da shi ciki. A gaba ake ɗaura ta, gefen direba. Na yi wa kujerar riga, ni kaina sai da na yaba wa kaina. Aka kawo Iya tare da 'yarta a a-daidaita-sahu don ta gwada. Ta dogara sandarta, ta ƙare wa kujerar kallo, ta dubi 'yarta.

"Nan zan zauna? Shi kuma a ina?"

"Ga wurinsa nan, Iya, wajen sitiyari."

"Kafaɗa da kafaɗa? A'uzubillahi! Mayar da ni gida."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ja Injiniya gefe na ce, "Ranki ya daɗe, aiki ya yi, rigimar tsufa ce kawai."

Ta yi murmushi ta ce, "Baba Sale, kai ka taɓa zama tabarma ɗaya da taka surukar?" Na ce a'a. Ta ce, "Kujerar da mai ita ba za ta zauna ba, ai ba ta yi ba. Ni ce na auna motar ban tambayi tsohuwa ba."

Abin da ya burge ni ke nan. Mace da digirinta ta cire takalmi, ta sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, ta zauna kusa da Iya tana tambayarta kamar ɗaliba. Sai ga magana ta fito. Iya baya take so, daidai bayan direba, inda idonsa ba zai same ta a madubi ba. Ba ta son hannun namiji ya taɓa ta. Sannan zani ba ya barin mace ta ɗaga ƙafa sama, balle mai ciwon gwiwa.

Muka koma aiki. Injiniya ta hana a kusanci batir, ta sa mai walda ya ɗaura matakala mai naɗewa a jikin ƙarfen gefe. Aka kafa mariƙi a ginshiƙin ƙofa, na naɗe shi da fata don roba santsi gare ta. Na farke kushin ɗin baya, na canza soso mai tauri don kada ta nutse ta kasa tashi, na ɗora faifai mai juyawa a kai. Har igiyar fata na ɗaura wa ƙofar, ta jawo ta rufe da kanta. Bel ne kawai Iya ta so a cire, wai yana shaƙe ta. Injiniya ta ce, "Iya, komai na bi naki, wannan kam ki bi nawa." Tsohuwa ta yi dariya ta yarda.

Ranar asibiti da safe suka zo. Malam Habu ya shiga ya kunna mota, ya kafa ido a gaba. Iya ta taka matakala, ta kama mariƙi, ta zauna, ta juya, ta jawo ƙofa. Babu wanda ya taɓa ta. Da 'yarta ta sauke mata gilashi sai ta yafito Injiniya, ta rage murya ta ce, "'Yar nan, ki gaya wa mai motar nan ya gama mini komai. Allah ya ba shi masu yi masa."

Iya ta saba da motar fetur, a zatonta ƙarar inji za ta rufe maganar. Wannan kuwa ko tari ba ta yi. Malam Habu ya ji komai. Ya sunkuyar da kai, idanunsa suka ciko, ya kira ni ta tagarsa ya ce, "Baba Sale, a ce mata amin."

Iya ba ta sake fashin asibiti ba. Jikan da aka haifa ma ita ke goya shi yanzu. Saboda haka in mota ta shigo, kada ku yi saurin ɗauko awo. Ku fara tambayar wa zai zauna, kuma kusa da wa zai iya zama.