Abin da Na Ɗaura a Ƙarƙashin Goyo

Jikokina, kun sha tambayata abin da ya sa ban taɓa goya ɗayanku ba. To, ku matso ku ji.

Da can ni mai ƙuli-ƙuli ce a Zango. In soya gyaɗa, in matse mai, in ci halaliyata. Sai kuɗin fetur suka shigo ƙasa. Aka watsar da gyaɗa, maza suka tafi Legas leburanci, har da mijina na fari, bai kuma waiwayo ba. Ya bar ni da 'yarmu Talatu, watanta takwas.

Kuɗin nan, yadda suka shigo haka suke neman hanyar fita. Manya ba sa ajiye su a gida. Damagaram ake kai su, a mayar da su sefa, daga nan su haye ƙasar Turawa. Hukuma kuwa ta hana fita da naira. Sai wani Alhaji a Daura ya aika aka kira ni. Ya ce, "Uwar Talatu, wa ya taɓa kwance wa mace goyo a kan iyaka? Ai kunya ba za ta bar su ba."

Gaskiya ya faɗa. Sai in jera damman kuɗi a gadon bayana, in ɗora yarinya a kai, in ja majanyi. 'Yan kwastan su ce, "Wuce, mai goyo." Zuwan farko addu'a nake ta yi a zuci. Na biyar ina taunar goro.

Wata Laraba Talatu ta tashi da zazzaɓi, ƙyanda ta feso mata. Ina shirin kai ta asibiti sai ga direban Alhaji. Na ce yarinya ba lafiya. Ya ce, "Ai haka ma ya fi, wa zai matso kusa da mai ƙyanda? Kafin la'asar kin dawo."

Na shiga mota. A kan iyaka aka sauke mu, layi ya yi tsawo, rana ta take. Talatu tana kuka, tana neman nono. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ke 'yar nan, sauke ta ki ba ta mana." Na ce, "Iya, yanzu ta sha." Na san in na kwance, kuɗi za su zube. Kukan ya ragu, ya ragu, har ya ɗauke. Wallahi daɗi na ji, na ce ta yi barci.

Tsohuwar ce ta ɗaga mayafina, ta taɓa ƙafarta, sai ta sa salati. Ita ta kwance majanyin. Kuɗi suka zube a ƙasa, Talatu kuwa rai ya riga ya yi halinsa.

Nan take aka kama ni. Alhaji ya rantse bai taɓa ganina ba. Shekara biyu na yi a gidan yari, ban ma san inda aka binne ta ba. Na fito, na tuba, har gobe ina tuba.

Yanzu an ce an buɗe ƙofa, mai kuɗi ta waya yake tura nasa duk ƙasar da ya so, ba mai tare shi. Amma aikinsa mai datti, har yau talaka zai nema. Duk wanda ya ce muku ba za a bincike ku ba, ku tashi ku bar masa wurin.

Na sake aure, na haifi iyayenku, ga ku kun zo. A hannu na raine su, a hannu nake ɗaukar ku. Bayan nan nawa na Talatu ne.