Kujerar Bakin Taga

Shekarar da muka gama lakwal, wato makarantar boko, aka ɗauke mu mu biyu koyon aikin sakatariya a wani gidan likita a Birnin Konni, amma kujera ɗaya ce. Manjo, shugaban masu jinya, ya faɗa mana tun ranar farko cewa wadda ta fi iyawa ita za ta zauna bakin taga tana karɓar marasa lafiya.

Abokiyar koyon nawa 'yar Bazaga ce. Na fi ta Faransanci, na fi ta saurin buga keken rubutu, kuma ba a samun goge-goge a karne, wato ɗan littafin asibitin da na cika. Ita sai ta tambayi lafiyar gero da awaki kafin ta ɗauki biro. Duk da haka layinta mata suke bi. Su kawo mata ƙosai, ni su ce mini madam.

Wata Laraba, ranar kasuwa, wata mata daga Tsarnawa ta kawo yaro mai zazzaɓi. Na ce, "Sunansa?" Ta sunkuyar da kai. Na maimaita, ta ja mayafi ta rufe baki. Na gane ɗan fari ne, domin ni ma uwata ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma an koya mana daga bakin mai yaro ake karɓar suna, manjo kuma yana tsaye a bayana, ina so ya ga na riƙe ƙa'ida.

Sai abokiyar tawa ta leƙo, ta dubi kakar yaron da ta rako su.

"Inna, wannan marowacin mijin naki, wa sunansa?"

Tsohuwa ta faɗa tana dariya, ta ƙara da cewa ko goro bai taɓa saya mata ba. Manjo ma ya dara. Aikina bai taɓa sa shi dariya ba.

Ita aka ba taga. Ni na ƙare a wani buro, wato ofis, a Malbaza ina buga takardun siminti.

Da na haifi ɗana na fari, wurinta na kai shi rigakafi, ni kaɗai. Na shirya zan faɗi sunan da bakina, don ta ga ba na buƙatar dabararta. Ba ta tambaya ba, ta ji shi tun ranar suna. Ta rubuta, ta miƙo mini karne. Rubutun nata har lokacin a karkace yake.