Bahago Mai Cigiya da Bidon Shamsu

Duk wanda ya taɓa yar da abu a tashar Agadas ya san Bahago mai cigiya. Da tsakar rana yake fitowa da lasifikarsa mai tsatsa, ya yi kira da Hausa da Buzanci da Faransanci. Da 'yan Gambiya masu neman Libiya suka cika gari, ya koyi cewa "abu kaza ya ɓata" da Ingilishi. Wani Shinuwa mai haƙar rijiyoyi ya koya masa da Sinanci, bayan Bahago ya kira masa tabaransa sun dawo. Yadda Bahago yake murɗa harshe sai ka ce akuya ta shaƙe, amma masu yaren suna waiwayowa.

Abin da Bahago ya kira yana dawowa. Sai dai yadda hamada ta ga dama take maido shi: agogo a tsaye, takalmi ƙafa ɗaya. Shi ya sa bai taɓa cigiyar mutum ba.

Sai ɗansa Shamsu ya tafi haƙar zinariya Jado, can cikin hamada, wata bakwai babu labari. Matarsa Aissa ta tare shi a ƙofa.

"Malam, tabaran baƙo ka kira. Ɗanka ne ba za ka kira ba?"

"Aissa, tsoro nake ji."

"Ni ma. Kira shi."

Ya fita tasha ya kira sunan Shamsu da harsuna biyar.

Kwana uku, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya sauke bido a gabansa, irin jarkar ruwan da matafiya ke naɗewa da buhu su rubuta suna a jiki. Ya ce a tsaye ya same shi tsakiyar rairayi, babu sawun kowa. Sunan Shamsu ne a jiki.

Aissa ta ɗaga, ta ji nauyi. Cike yake. Ƙullin tsumman da ta yi wa murfin da hannunta ranar tafiya yana nan, ba a kwance ba. Buhun kuwa jiƙe yake sharkaf, kamar yanzu ta yayyafa masa ruwa.

Al'adar Bahago ce, in abu ya dawo ya fita ya sanar an gani. Ya ɗauki lasifikar, Aissa ta riƙe masa hannu.

"Kada ka rufe cigiyar, Malam. Yana tafe, kuma da ƙishi zai iso."

Har yau bidon na zaure, ba wanda ya buɗe. Buhun bai bushe ba.