Hoton mahaifina a kara

Shekarun baya, lokacin ina facin taya a bakin titi nan Dutsin-Ma, abokina mai shayi ya miƙo mini wayarsa da safe, ya ce, "Duba wanga tsoho. Kamar na san shi."

Na karɓa na duba. Tsoho ne cikin yagaggiyar riga, bokiti a hannu ɗaya, ɗayan hannun a wuyan wani farin bijimi. A kara aka ɗauka, ɓangaren shanu na kasuwa. Ko daga tsayuwar na gane shi. Mahaifina ne.

Karatuna bai yi nisa ba, amma ina haɗa baƙi. Na bi rubutun da ke ƙarƙashin hoton da yatsa. Wai tsoho ne da 'ya'yansa suka yasar, yana ɗebo wa shanun mutane ruwa don ya samu abin kaiwa baki. Mutane sun cika wurin da addu'a, wasu kuma da tsinuwa ga 'ya'yan. Ni ne babban ɗan. Ina zaune da kofin shayi, mutanen da ban taɓa gani ba suna tsine mini.

Mahaifina mutumin Wurma ne, da shanu ya tashi. Garkensa ba wani babba ba ne, amma kowace saniya da sunanta. Da ɓarayi suka kore su, bai yi kuka ba, bai kuma sake zancensu ba. Muka ɗauko shi da mahaifiyata muka dawo da su gari, muka kama musu ɗaki kusa da ni. Abinci bai taɓa yankewa ba, Allah shaida. Duk ranar kasuwa sai ya sa farar rigarsa da malafa, ya rataya jaka, ya ce zai je ya gaisa da mutane. Ni kuwa ban taɓa tambayar abin da ke cikin jakar ba.

Ranar kasuwar da ta zagayo na rufe wurin faci na bi shi daga nesa, ƙato da ni ina laɓewa bayan masu mangyaɗa. Na ga ya zagaya bayan wata motar shanu, ya tuɓe farar rigar ya ninke, ya ciro yagaggiyar daga jaka ya saka. Ya ɗauki bokiti. Yana bin shanun nan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa su, yana yi musu magana da Fillancin da ko mu bai koya wa ba. Fuskar da na gani rannan, rabona da ita tun muna Wurma. Na juya na koma, ban bari ya gan ni ba.

Da na faɗa wa mahaifiyata, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar wake ba. Ta ce, "To wa kake zato ke wanke rigar? Ka bar shi. Ranar kasuwa kaɗai yake cin tuwo har ya nemi ƙari." Sai ta ɗago. "Amma kada ya ji zancen hoton nan. In ya san an gan shi, ya bar zuwa ke nan."

Akwai wani ɗan sanda da nake yi wa facin mashin. Na tambaye shi ko ana kama mutum a kan irin wannan. Ya ce ɗaukar hoto a kasuwa dai, shi bai san dokar da ta hana ba, wuri ne na kowa. Rubutun ƙaryar ne abin magana, shi ma sai an je kotu, kuma kafin a gama duk garin ya ji. Na ce a bar kotu.

Matar abokina mai shayi tana sayar da abinci a ƙofar jami'a, ita ta gano mini mai hoton. Ɗaliba ce. Na yi ta tsara maganganun da zan yaɓa mata, har ina gwadawa ni kaɗai ina buga taya. Da aka nuno mini ita, sai na ga yarinya ce sa'ar ɗiyata, da ƙatuwar kyamara a wuya. Duk abin da na tsara ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Tsohon nan ubana ne."

Ta ce, "Baba, ai kasuwa ce. Ban shiga gidan kowa ba. Kuma tausayi ne ya sa."

Na ce, "Kin gaishe shi?"

Ta ce ba ta gaishe shi ba.

"Wa ya ce miki an yasar da shi?"

Ta ce rigar ta gani. Na ce da ta zo da wuri kaɗan, da wata rigar ta gani. Na ba ta labarin shanun a tsaye, ba tsari. Ban gama ba ta ciro waya ta goge hoton a gabana. Amma ta gaya mini gaskiya, ta ce wasu sun riga sun kwafa, wannan kuma ba ta da iko da shi.

Haka kuwa aka yi. Wani surukinmu daga Ɗantutture ya zo gaisuwa, irin mutanen nan da labari ba ya kwana a cikinsu. Ya zauna a tabarma ya ciro waya, ya ce, "Baffa, ashe ka zama ɗan fim ba mu sani ba!" Har rubutun sai da ya karanta masa.

Ranar kasuwa ta zo, mahaifina bai fita ba. Wata ta sake zuwa, yana zaune a ƙofar ɗaki yana jan carbi, jakar na rataye a ƙusa. Tuwo ya koma dawowa kamar yadda aka kai shi. Na ce, "Baffa, ba ka zuwa gaisuwar?" Ya ce, "Na gaisa da kowa."

Ban san mi zan yi ba. Ni taya na sani, in ta huje in liƙe. Sai ga yarinyar nan ta zo wurin facina da kanta, ta ce tana son ta ba shi haƙuri. Na ce ta riga ta yi abin da za ta yi, ta ƙyale mu. Ta ƙi tafiya, ta zauna kan tsohuwar taya har la'asar. Gajiya na yi na kai ta.

Ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ce ta ɗauki hoton. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce, "Ina shi? Wancan mai surutun bai bari na gani da kyau ba."

Akwai shi a cikin kyamarar. Ta nuna masa. Ya kawo shi kusa da ido, ya nisantar, ya sake kawowa. Na zaci rigar yake kallo.

Ya ce, "Ɗiyata, kin yanke masa ƙaho."

Ta ce, "Na'am, Baffa?"

"Bijimin. Kin yanke masa ƙaho ɗaya. Ai kyawunsa duk a ƙahon yake. Na wani Alhaji ne daga Kurfi, ya sha kawo shi yana mai da shi, ya ƙi sallamawa. Ba ya shan ruwa a hannun kowa sai nawa." Ya miƙa mata kyamarar. "Da kin yi sallama da na gyara miki tsayuwarsa. Ni ma da na sa riga."

Yarinya ta fashe da kuka. Mahaifiyata daga cikin ɗaki ta ce a ba baƙuwa fura, a bar koke-koke. Shi kuwa ya ce in gaskiya take ta zo ranar kasuwa ta gyara aikinta, in Alhajin bai sayar ba.

Bai sayar ba. Muka je mu uku. Mahaifina ya tsaya da farar riga da malafa, sanda a kafaɗa, ya yi wa bijimin magana har ya ɗaga kai. Sai da ya duba ya tabbatar ƙahonin biyu sun fito kafin ya ce ya yi. Daga nan, a tsakiyar kara, gaban dillalai da kowa, ya tuɓe farar rigar ya miƙo mini, ya ciro yagaggiyar ya saka. Bai je bayan mota ba. Yarinyar ta ɗaga kyamara, sai ta sauke, ta ce, "Baffa, in ɗauka?"

Ya ce, "A'a. Wannan tawa ce."

Ta rataye kyamararta. Ya ɗauki bokitinsa.

Ya ci gaba da zuwa kara har ƙafa ta gaza, daga baya Allah ya karɓi abinsa. Na ji an ce tsohon hoton yana nan yana yawo, lokaci-lokaci wani ya sake sa shi, a sake tsine mana. Na gaji da bi, na bar su. Har yau ban san abin da doka ta ce daidai ba, kuma ban ce a hana kowa ɗaukar hoto ba. Abin da na sani, mutumin da ka gani a kasuwa daga wani gida ya fito, kuma ba ka san abin da ke cikin jakarsa ba. Ka yi masa sallama. In ya ce a'a, ka sauke.

Hoto na biyun, yarinyar tana gama wanke shi ta kawo mana. Yana ɗakin mahaifiyata. In baƙi suka tambaya ko bijiminsa ne, sai ta ce eh, ni kuma ban taɓa gyara mata ba.