Taras Dubyk, Wanda Ya Ce Yashi Ba Ya Tsagewa

Haihuwa da karatu

An haifi Taras Dubyk a shekarar 1941 a ƙauyen Vilna da ke arewacin lardin Alberta. Mahaifinsa Wasyl manomin alkama ne, mahaifiyarsa Paraska kuwa ita ke ɗinka wa rabin ƙauyen rigunan sanyi. Ya yi karatun injiniyan ƙasa a Edmonton, ya kammala a 1965 da sakamakon da aka yi ta ambato har ƙarshen rayuwarsa, sai ka ce sakamako yana hana mutum kuskure.

Aiki

A 1968 wani kamfani ya ɗauke shi aiki a yankin Cold Lake, inda ɗanyen mai yake daskare cikin yashin ƙarƙashin ƙasa kamar kwalta, ba ya fita sai an ɗura masa tururi ta rijiya da ƙarfin tsiya. Fargabar hukuma ita ce kada matsin ya tsaga yashin, tsagar ta haura ta keta yumɓun da ya rufe shi, man ya ɓullo sama. Taras ya nuna cewa ƙwayoyin yashin zamewa suke yi a kan juna, su saki jiki, wurin ya kumbura kamar ƙullin burodi. Gaskiya ce, amma rabinta. Mu da muka zauna ɗakin gwaji ɗaya da shi mun sha ganin yashin ya kumbura, an ƙara matsi, ya dare gida biyu, shi kuwa ya ɗora wa na'ura laifi. Daga 1979 kalmar "tsagewa" ta ɓace a ofishinsa, sai "kumburi". Sabon ma'aikacin da bakinsa ya suɓuce ya furta ta, shi zai saya wa kowa gahawa.

Aure da iyali

A 1972 ya auri Delphine Laboucane, wadda danginta ke kafa tarko da kamun kifi a wata fadama tun kaka da kakanni. Wanta Ambrose kan tsokane shi a kan tebur: "Suruki, in ƙurjin nan naka ya nuna, wa zai matse?" Taras ya yi dariya, ya ce masa ya ci kifinsa. A 1994, da kamfani ya nemi ɗura tururi a ƙarƙashin fadamar, Delphine ce ta bi 'yan'uwanta gida gida har suka amince, ba don sun fahimci lissafi ba, sai don ta ce mijinta ba ya ƙarya.

Shekarun ƙarshe

A bazarar 2008, bayan ya yi ritaya, kwalta ta ɓulɓulo a tsakiyar fadamar, aka killace ta da waya, har yau ba a buɗe ba. A zaman bincike na 2010 aka gayyace shi a matsayin masani, ya shafe yini yana bayanin kumburin da ya wuce kima. Delphine, wadda danginta suka daina gaishe ta tun ranar da aka kafa wayar, ta miƙe daga kujerun baya, ta kira shi da sunan 'yarsu ta fari.

"Baban Lesia, kalma ɗaya ce fa. Faɗe ta mu tafi gida."

Ya nemi a ba shi ruwa, ya sha, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ranar a motar Ambrose ta koma, kuma ba ta sake kwana a ɗakinsa ba, ko da yake ba a taɓa raba auren ba. A 2014 ƙungiyar injiniyoyi ta karrama shi da lambar yabo.

Rasuwa

Ya rasu a gidan kula da tsofaffi na Bonnyville a watan Janairun 2019, yana da shekara saba'in da bakwai, aka binne shi a maƙabartar cocin iyayensa a Vilna. Ya bar 'ya'ya uku: Lesia, malamar makaranta a Edmonton, Marcel, mai kula da rijiyoyin tururi, da Odile, wadda ke amsa sunan gidan mahaifiyarta. Dutsen kabarinsa na mutum biyu ne, kamar yadda ake yi wa ma'aurata. Da mai sassaƙa ya je wa Delphine da tambayar yadda za a rubuta sunanta a ɗaya rabin, ta ce ya bar shi haka, ita wajen danginta za ta kwanta, in sun yarda.