Ɗanlami da Jan Ɗigo

Ɗanlami Gyang bai taɓa son bindiga ba, amma shekara ashirin da shida ita ke ci da shi. Mutumin Bukuru ne. A ɗakin ajiyar makamai na 'yan sanda ya fara aiki, shi ne mai wankewa, mai sa mai, mai gyara wadda ta cije. Da matarsa Kaneng ta samu aikin nas a Doha, ya biyo ta bayan shekara biyu, aka haɗa shi da wani kulob ɗin harbi a bayan gari, inda masu hali ke zuwa su huda takarda su koma gida. Yakan ce nan ya fi masa kwanciyar hankali, tunda takarda ba ta da uwa da za ta yi kuka.

Da korona ta shigo aka rufe kulob. Kaneng kuwa aka mayar da ita sashen masu cutar, aka ba su masauki kusa da asibiti, ta yi wata huɗu ba ta taka gidansu na unguwar Abu Hamour ba. 'Yarsu Kezia tana karatu a can Bukuru, Ɗanlami ya zauna shi kaɗai da fanka da waya. A cikin watannin nan mahaifiyarsa ta rasu a Bukuru, babu jirgi, sai ta waya ya ga an sauke akwatinta, hoton yana yankewa yana dawowa. Da aka buɗe gari ya koma bakin aiki, abokansa suka lura magana ta ragu a bakinsa. Ba fushi yake yi ba. Kawai ya zama mutumin da in ya zauna sai ya yi shawara da gwiwoyinsa kafin ya miƙe.

Saura wata biyar a fara gasar cin kofin duniya, shugaban kulob ɗin, wanda kowa ke kira mudir, ya shigo ɗakin gyara da kwalaye a hannu. Ya ce baƙi za su cika garin, kuma baƙo in ya zo harbi babbar fistol, wato bindigar hannu, yake nema, mai ƙara, mai shuri, wadda zai ɗauki hoto da ita. Kulob ya sayi irinsu guda takwas. Abin da ya rage shi ne gilashin saiti da za a ɗaura musu.

Gilashin nan ɗan ƙaramin abu ne, bai wuce akwatin ashana ba. A saman fistol ake ɗaure shi da noti biyu. In ka leƙa ciki sai ka ga ɗigon haske ja, inda ɗigon ya zauna nan harsashi zai faɗa. Matsalar ita ce duk harbi ɗaya sai saman bindigar ya yi baya da ƙarfi ya dawo, gilashin na kansa yana shan wannan girgiza. A ƙaramar fistol ba komai. A waɗannan manyan kuwa, wanda ba shi da ƙwari kwana kaɗan zai yi.

"Iri uku ne," in ji mudir. "Ka gwada, ka gaya min wanda za mu saya. Yalla, babu lokaci."

Gwaji ba shi da wata dabara sai harbi. Kullum da safe kafin baƙi su zo, Ɗanlami zai toshe kunnuwa ya tsaya a layi na ƙarshe, Mutala yana cika masa harsashi. Mutala mutumin Zangon Kumasi ne, sa'ansa, shi ke kula da layin masu harbi. Na farko bai wahalar da su ba: ko harbi ɗari biyu ba a yi ba ɗigon ya fara ƙyaftawa, don batir yana tsalle a mazauninsa. Suka ajiye shi.

Na biyu ne ya ci musu lokaci. Kyakkyawa ne, mai faɗin taga, ɗigonsa tas kamar an ɗiga jan tawada. Har Ɗanlami ya fara sonsa, don idonsa ya soma rauni kuma wannan ba sai ya ƙanƙance ido ba. Amma wajen harbi ɗari shida sai ya ga ramukan takarda suna gangarawa hagu. Ya saita, suka sake gangarawa. Da ya kwance shi ya duba a ƙarƙashin fitila, sai ya ga notocin sirara ne, ɗaya har ya fara lanƙwasa.

Na ukun mummuna ne, ɗan akwati mai kaurin jiki, a rufe gaba da baya, tagarsa ƙarama. Batir ɗinsa ta gefe yake shiga, ba sai an kwance shi ba, ƙura kuma ba ta samun hanyar shiga ta toshe hasken. Ya sha harbi dubu biyu bai motsa ba.

Hannun Ɗanlami ne ya motsa. Tun mako na uku wuyan hannunsa na dama ya fara zafi, daga baya yatsu biyu suka riƙa mutuwa.

"Oga Ɗanlami, ka bar ni in harba sauran," in ji Mutala wata safiya, ganin yana yarfe hannu.

"In hannu ya canza, ba zan san ko gilashin ne ya kauce ko mai riƙewa ba."

"To in hannun ya lalace fa? Gilashi zai ba ka wani?"

Ɗanlami ya yi ɗan murmushi ya miƙa hannu a ba shi bindigar.

Ya kai wa mudir takardun da ya huda da notin da ya lanƙwashe, ya ce na uku za a saya. Mudir ya juya ɗan akwatin a tafin hannunsa, ya taɓe baki. Ya ce baƙo ba zai ɗauki hoto da wannan abin ba, kuma ai babu baƙon da zai yi harbi ɗari shida. Ɗanlami ya ce baƙo ɗaya ba zai yi ba, amma baƙi talatin za su yi a kwana biyu. Mudir ya ce za a sayi duka biyun, a ɗaura mai kyan, mummunan ya zauna a kabad. "Khalas, magana ta ƙare," ya ce, ya ɗauki wayarsa.

Ɗanlami ya ɗaura abin da aka ce, ya shafa wa notocin gam, ya riƙa duba su kowace safiya.

Gasar ta zo da jama'ar da bai taɓa ganin irinta ba. In ya sauka a tashar Mushairib zai canza jirgin ƙasa, sai ya tsinci kansa cikin masu ganguna da fentin fuska, a tura shi nan a tura shi can, shi kuwa yana kare hannunsa a ƙirji. A kulob layi ba ya yankewa daga hantsi har la'asar, har babu sararin da zai karɓi bindiga ya duba ta a tsakiyar yini.

A rana ta tara, wani baƙo mai rigar ƙwallo ya ja kunama, notocin suka katse, gilashin ya yi baya ya same shi a saman gira. Jini ya wanke masa fuska. Mutala ya karɓe bindigar, Ɗanlami ya danne wurin da auduga har aka zo aka tafi da shi. Ɗinki huɗu aka yi masa, idon bai taɓu ba. Abokan baƙon ma dariya suke yi suna ɗaukar hoto.

Mudir ya shigo ɗakin gyara fuska a murtuke. "Me ya sa ba ka gaya min abin zai iya kai haka ba?"

Mutala ya buɗe baki, Ɗanlami ya girgiza masa kai. Ya buɗe kabad ya fito da munanan akwatunan nan guda takwas. Kafin a tashi ya ɗaura su duka, ya saita su, da hannun hagu yake juya sukudireba. Har aka gama gasar babu wanda ya kauce, babu kuma baƙon da ya yi ƙorafin hoto.

Kaneng ce ta ja shi wurin likita bayan Kirsimeti. Aka ce jijiya ce ta matse, za a iya yin aiki, amma harbin manyan bindigogi ya ƙare masa. A hanyar dawowa suka biya kasuwar kayan miya, tana zaɓar tumatir tana magana ba tare da ta dube shi ba.

"Baban Kezia, mu koma gida mana. Ni ma ƙafafuna sun gaji."

"Bari yarinyar ta gama makaranta."

"Haka ka ce bara."

"Bara ma gaskiya na faɗa."

Ta miƙa masa leda, ya kai hannun dama, ta janye ta sa masa a na hagu.

Yana nan a kulob ɗin har yanzu. Mutala ne ke yin harbin gwaji, shi kuma yana zaune a kujera a bayansa. In an jawo takardar sai ya sa tabarau, ya bi ramukan da yatsa, ya ce a ƙara ɗari.